Tarihin Gari Yana Gandu Da Zaure Da Ƙofa

Idan aka tambayi ɗan makaranta tarihin garinsu, abin da yakan kawo shi ne jerin sarakuna: wane ya hau, ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Wannan sani ne mai kyau, amma rabin labari ne. Akwai gonar da ta ciyar da fada, akwai gidan da aka yanke shawara a zaurensa, akwai kuma ƙofar da aka tare fatake aka karɓi rabon hukuma. Wanda ya bi sawun waɗannan uku shi ne zai san yadda mutanen garin suka zauna.

A ɗauki Fanisau, wadda take arewa da birnin Kano cikin ƙasar Ungogo. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da ita ribaɗi sa'ad da yake fama da Ɗan Tunku, kuma a can Baturen nan Clapperton ya iske shi cikin 1824. Daga baya gandayen sarki da na manyan Kano suka kewaye garin, bayi suna noma su ƙarƙashin sarkin gandu, kowa kuma da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa bayan an tashi daga aikin gandu. Sunayen waɗannan bayin Allah ba su shiga jerin sarakuna ba. Abin da ya ceci labarinsu shi ne, cikin 1975 Yusufu Yunusa ya ɗauki rakoda ya zauna da dattawan wurin, waɗanda suka ga ƙarshen wancan zamani da idonsu. Da waɗannan kaset-kaset Mohammed Bashir Salau ya dogara ƙwarai wajen littafinsa a kan Fanisau, wanda ya fito cikin 1911 da ɗari, watau 2011. Da an yi jinkirin shekara goma, da yawancin masu ba da labarin sun riga mu gidan gaskiya.

Gidaje ma haka. Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta asalinsa da Muhammadu Rumfa na ƙarni na 15, ya zama ofishin Turawa bayan sun ci birnin cikin 1903, yau kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa ya sami sunansa daga Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin 1909. Waɗannan biyu sun yi sa'a, hukuma ta san da su. Amma ina gidan madugu, da gidan limamin unguwa, da gidan marini mai karofi a bayansa? Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa; damina uku ba gyara, sai soro ya rufta, a kwashe azara, a sayar da fili, a kafa bulo. Kafin a kai ga haka ya kamata a auna gidan, a ɗauki hotonsa, a rubuta wanda ya gina shi da sana'ar da ta kawo kuɗin ginin.

Sai ƙofa. A zamanin da, kowace ƙofar birni da sarkin ƙofarta, shi ke rufe ta da almuru, shi ke ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Ayari kuwa ba ya ratsa ƙasar wani sarki sai madugu ya biya fito. Turawa da suka zo sun kafa nasu wuraren karɓar kuɗi daga fatake, har suka soke wannan haraji cikin 1907. Duk inda aka taɓa tare matafiya, nan zango yake tashi, nan kasuwa take tsiro, nan baƙi suke zama har su zama 'yan gari. Ko a wannan zamani an ga misalinsa. A farkon 2004 gwamnatin Obasanjo ta soke shingayen karɓar kuɗi na manyan hanyoyin tarayya, aka rushe su, amma har yau direba a Kaduna ko Ibadan yakan tambayi fasinja ko a Tolget zai sauka. Gini ya tafi, suna ya zauna. Ita ma tsohuwar Ƙofar Na'isa ta Kano an rushe ta cikin 2010 don faɗaɗa hanya, wanda ya ga ta yanzu bai ga ta da ba.

To, mai son wannan bincike ta ina zai soma? Ya soma da suna. Duk wurin da ake kira Gandu, ko Rinji, ko Zango, ko Kufai, yana da dalili. Sa'an nan ya tafi wurin dattawa, maza da mata, ya ji kowa shi kaɗai, domin a gaban taro ƙarami ba ya musa wa babba. Daga nan ya nufi gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin Di'o-Di'o na kimanta haraji suke, da kuma Arewa House wadda aka kafa cikin 1970. A ƙarshe ya taka da ƙafarsa ya ga tsohuwar rijiya da kukar kan iyaka da tudun ganuwa.

Amma fa sai da lura. Bature ta bakin tafinta ya ji, talaka kuwa yakan ɓoye dukiyarsa don tsoron haraji, shi ma dattijo yakan ƙara wa kakansa gishiri. Sai shaida biyu sun haɗu za a ce magana ta tsaya. Daɗin daɗawa, zancen bauta yana da nauyi. Ana tono shi ne don a san yadda aka zauna, ba don a muzanta zuriyar kowa ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin malamin firamare da littafin rubutu ba, bai kuma fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Tsohon da ya san iyakar gandu yana nan bana. Allah kaɗai ya san baɗi.