Kimiyya Da Fasaha: Ajiyar Da Ba Ta Bin Wutar Lantarki

Idan kwamfutar banki ko ta asibiti ta ce ta adana wani bayani, alkawari ne ta ɗauka. To, amma tsakanin lokacin da ta faɗi haka da lokacin da rubutun ya isa faifai, akwai ɗan taƙi wanda in wutar lantarki ta ɗauke a cikinsa, abin da aka rubuta yana iya salwanta. Yadda masana suke toshe wannan kafa shi ne abin da wannan fili zai duba a wannan mako.

Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda take da saurin gaske, amma da zarar wuta ta ɗauke sai ta manta kome. Akwai kuma faifai, wanda ba ya mantuwa, amma yana da nawa, domin irin mai juyawa yakan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kafin ya kai inda ake nema. A kan faifai ana yanka bayanai gunduwa-gunduwa, galibi bayit 512 ko 4,096, kowace da lambarta. Mai kula da shige da ficensu kuwa ita ce zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, watau abin da masana suke kira kanel, kamar na Linux wanda Linus Torvalds ya soma a 1991.

Dabarar rage nawar faifai ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. In ciniki ya kankama, a 'yar takarda yake rubuta bashi, sai da yamma ya kwafe a babban littafi. Haka kanel yake yi: ya karɓi rubutu a ma'ajiyar kusa, daga baya ya sauke shi a faifai. Illar ita ce in 'yar takardar ta ɓace kafin a kwafe, bashi ya bi ruwa.

Saboda haka ne aka daɗe ana neman ƙwaƙwalwa mai sauri wadda ba ta mantuwa. A 2015 kamfanonin Intel da Micron na Amurka suka ba da sanarwar ƙirƙiro irinta, a 2019 kuma Intel ya fitar da ita kasuwa da sunan Optane, mai ɗaukar gigabayit 128 ko 256 ko 512, ana soka ta a gurbin ƙwaƙwalwar aiki. Masu gina Linux ba su jira fitowarta ba. Tun a 2013 an shigar da bcache na Kent Overstreet, wanda yake sa faifai mai sauri ya tsaya a gaban mai nawa. A 2018 kuma aka karɓi dm-writecache na Mikulas Patocka, ma'aikacin kamfanin Red Hat, wanda yake iya aiki da ƙwaƙwalwa marar mantuwa. Shi rubutu kaɗai yake tarewa, kuma bisa tsarinsa na asali, in ma'ajiyar ta cika rabi sai ya shiga kwashewa zuwa faifai har ta sauko kashi 45 cikin ɗari.

Mai karatu zai zaci magana ta ƙare ke nan, alhali kuwa a nan wahalar take. Injin lissafin kwamfuta yana da tasa 'yar ma'ajiyar a cikinsa, wadda a yawancin injuna takan manta in wuta ta ɗauke, saboda haka tilas ne kanel ya umurce shi ya zazzage abin da ya riƙe, ya kuma jira har ya gama. Bugu da ƙari, abin da aka tabbatar zai shiga gaba ɗaya a bugu guda bai wuce bayit 8 ba, ga shi kuwa gunduwa ɗaya ta kai dubbai. Ke nan wuta tana iya yanke rubutu a tsakiya.

Maganin abin shi ne bin tsari. Sai an rubuta gunduwar, an tabbata ta zauna, sa'an nan a shigar da lambarta a jerin abubuwan da ke ajiye. In aka juya wannan tsari, wuta kuma ta ɗauke a tsakani, to, in an sake kunnawa jerin zai nuna wurin da babu kome sai tarkace, kanel kuma ya ɗauki tarkacen nan ya ɗora a kan bayani mai kyau da ke faifai. Wannan ya fi asarar rubutu ɗaya muni, domin ɓarna ce da ba a ganewa sai an zo nema. Sauri ya haifi nawa ke nan.

A kasuwa dai Optane bai yi tsawon rai ba. Micron ya janye a 2021, a watan Yuli na 2022 kuma Intel ya ce zai rufe wannan sashe, bayan ya lissafa asarar dala miliyan 559 a kan kayan da ke jibge. Duk da haka aikin bai tsaya ba, tun da akwai ƙwaƙwalwar aiki da ake haɗawa da 'yar ma'ajiyar lantarki don ta kwashe abin da ke cikinta in wuta ta ɗauke, ga kuma hanyar CXL da aka fito da ita a 2019 don jona wa kwamfuta ƙarin ƙwaƙwalwa. A 2025 ma an shigar da sabuwar ma'ajiyar kusa mai suna dm-pcache a cikin Linux 6.18.

Don haka duk hukumar da za ta sayi kwamfutar ajiye bayanan jama'a, kada a ruɗe ta da alƙaluman sauri. Ta sa a zare wuta ana tsakiyar rubutu, a kunna, a ƙirga abin da ya rage. Sai mako mai zuwa.