Inda Hukuma Ta Yi Shiru a Labanon

Duk sa'ad da masifa ta afka wa Labanon, kalmar da ke fara fitowa daga bakin duniya ita ce juriya. An faɗe ta bayan yaƙin basasar 1975 zuwa 1990, an maimaita ta a 2019 da bankuna suka riƙe wa jama'a ajiyarsu, haka kuma bayan 4 ga Agustan 2020, ranar da fashewa ta ragargaza tashar jiragen ruwan Beirut, mutum fiye da 200 suka rasu. Mutanen sun cancanci yabon, amma yabo ne da ke kwantar wa masu mulki da hankali, domin wanda aka san shi da haƙuri ba a gaggawar biyansa haƙƙinsa.

Marubutan ƙasar kuwa daga abin da wannan yabo ke lulluɓewa suke samo abin rubutawa. Tun wutar yaƙi na ci, Etel Adnan ta gina littafinta Sitt Marie Rose a kan wata mata da mayaƙa suka sace suka kashe. Hanan al-Shaykh, a Hikayat Zahra na 1980, ta bi yaƙin har cikin gida, inda mace ke shan azaba tun kafin a harba bindiga. Elias Khoury ya zauna da Falasɗinawa a sansanonin gudun hijira, ya kasa kunne, sannan ya fitar da Bab al-Shams a 1998. Aikin nan ya ƙara nauyi bayan 1991, da majalisa ta yafe mafi yawan laifukan yaƙi, wasu jagororin mayaƙa suka koma ministoci, manhajar tarihi ta makarantu kuma ta tsallake yaƙin gaba ɗaya.

Wani zai ce a ƙasar da ke da rukunonin addini 18, tone-tone fama tsohon miki ne, gara a bar kaza cikin gashinta. Tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai shirun bai warkar da kowa ba. An ƙiyasta mutum 17,000 ne suka ɓata a yaƙin. Tun 1982 Wadad Halwani, wadda aka sace mijinta, take jagorantar iyalansu suna tambayar ina nasu suke, kuma sai a 2018 majalisa ta yi dokar da ta amince suna da haƙƙin sani. Shekara 36 ke nan, iyaye mata da yawa sun riga mu gidan gaskiya da hoton ɗansu a hannu.