Tsohuwar wayar da ke durowarka, wani na nemanta a layinku

Makon jiya ina neman caja na buɗe wata durowa, sai na tarar da wayoyi uku, da cajoji biyar, da wani ƙaramin modem da na manta ina da shi. Biyu daga cikin wayoyin lafiyarsu ƙalau, kawai dai na sayi sababbi ne na jefar da su can. Na tabbata akwai irin wannan durowa a gidan mafi yawan masu karanta wannan shafi.

A Amurka an daɗe da nemo wa wannan matsala hanya. A shekarar 2003 Deron Beal ya fara Freecycle a birnin Tucson, da saƙon imel zuwa ga abokai: wanda ke da abin da ba ya so ya sanar, mai so ya zo ya ɗauka. A 2013 kuma Liesl Clark da Rebecca Rockefeller suka kafa Buy Nothing a tsibirin Bainbridge, a kan Facebook, kowace unguwa da zaurenta. Dokarsu ba saye, ba sayarwa, ba musaya. Kyauta ce zalla.

Mu ba sai mun sauke wata sabuwar manhaja ba. Kusan kowace unguwa tana da zauren WhatsApp, na masallaci ko na 'yan sintiri ko na haɗa kuɗin gyaran taransifoma, kuma zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Ra'ayina shi ne a ware zaure guda na kayan kyauta kawai, ba wa'azi, ba siyasa, ba tallar atamfa.

Wani zai ce ai mu dama muna bai wa 'yan uwa. Gaskiya ne, riga da takalmi ba sa rasa mai ɗauka a dangi. Amma kayan lantarki daban suke. Cajar wata tsohuwar kwamfutar HP ba ta da amfani ga ƙanenka, alhali a bayan layinku akwai ɗalibin da tasa ta ƙone, kwamfutar tana ajiye wata biyu, ga jarrabawar JAMB da tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Kai ba ka san shi ba, shi ma bai san kana da ita ba. Aikin zauren ke nan.

Inda abin ke da wuya a wurinmu shi ne kunya. Magidanci ba zai rubuta a gaban maƙwabta ɗari biyu cewa yana son tsohuwar waya ba, ko da 'yarsa na buƙata. Idan aka kwaikwayi tsarin Turawa yadda yake, marasa kunya ne za su kwashe komai, wasu ma washegari ka ga kayanka a teburin wani a Farm Centre. Don haka a bar mai so ya bi mai bayarwa ta bayan fage, ko ya faɗa wa shugaban zaure a asirce. Kada kuma a ce wanda ya riga amsawa shi ya samu, domin wanda ya fi buƙata galibi shi ne wanda ba ya da data a lokacin. A jira kwana ɗaya. Kuma don Allah ban da ɗaukar hoton wanda aka bai wa.

Kafin waya ta bar hannunka, ka cire layi da katin memori, ka fita daga WhatsApp da manhajar banki, ka cire asusunka na Google, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Jerin yana da muhimmanci. Wayar Android da aka goge ta hanyar maɓallan gefe ba tare da an cire asusun ba za ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita, sai kyautarka ta zama dutse a hannun mutum. A iPhone kuma iCloud ne ke yin wannan. Layi kuwa kada ka bayar ko da wasa, yana haɗe da lambarka ta NIN, duk abin da aka yi da shi sunanka zai fito.

Sai kuma faɗin gaskiya. Idan batir ba ya riƙe caji, ka rubuta haka. Batirin da ya kumbura ba abin kyauta ba ne, yana iya kama wuta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya dace. Zauren unguwa ba juji ba ne da za ka mayar da sharar gidanka gidan maƙwabci.

Ni dai na sa wayoyi biyun nan a zauren layinmu ranar Asabar. Ɗaya ta tafi kafin magaribar Lahadi, ta hannun shugaban zaure, ban ma san wa ya karɓa ba. Modem ɗin har yanzu ba wanda ya taya.