Kada mu hana maras lafiya abinci babu dalili

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Gamu, ga wata magana da ta shafe mu duka. A kasuwanninmu, daga nan har Gure da Damagaram, ana sayar da saiwoyi da sassaƙe. Yanzu kuma ga ganyen shayi da ƙwayoyi na ƙasar Sin. Mai sayarwa yakan ce: "In kana shan wannan, ban da nono, ban da ƙwai, ban da maiƙo."

Su ma Sinawa suna da irin wannan hani. Masu maganin gargajiyarsu sukan hana abinci mai sanyi, da mai yaji, da mai maiƙo. Ba mu raina al'adar kowa ba. Amma a ganinmu, hanin da ba a faɗi dalilinsa ba bai kamata a ɗora wa maras lafiya shi ba.

Ga misali. Coartem maganin zazzaɓin sauro ne. Ɗaya daga cikin haɗinsa ya samo asali daga wani ganye na ƙasar Sin, dangin tazargade. Wata masaniya, Tu Youyou, da abokan aikinta suka gano sinadarin a 1972. Ana shan Coartem sau 2 a rana, har kwana 3. Jiki ya fi karɓarsa in an haɗa da nono ko abinci mai maiƙo. Ashe wanda aka hana wa waɗannan, an rage wa maganinsa ƙarfi.

Akwai hani na gaskiya. Ba a shan ƙwayar tetirasikilin tare da nono, sai a bar awa 2 tsakaninsu. Mai juna biyu kada ta kora ƙwayar ƙarin jini da shayi. To, wannan hani na awoyi ne, ba na kwanaki ba.

Mu tuna, zazzaɓi ya fi yawa da damina, lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu. Yaron da ciwo ya ramar, in aka hana shi nono da ƙwai, tamowa ce ke jiransa.

Saboda haka, duk wanda ya hana mu wani abinci, mu tambaye shi: don me, kuma har yaushe? Mu kai ƙunshin maganin gidan likita a duba mana. Mu ci gaba da ba maras lafiya fura da nono, da kunu, da wake. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.