Bar Gwiwa Ta Zaɓi Ranar Gasa

Mai karatu, a farkon kowace shekara masu sha'awar gasar tirayatalon sukan ɗauki kalanda su zagaye ranar gasar da suke hanƙoro, su biya kuɗin rajista, sannan su ƙirgo makonni da baya su tsara atisaye. Ga mai ƙoshin lafiya wannan tsari ne mai kyau. Amma ga wanda ya taso daga jinyar gwiwa, a ganina tarko ne, domin ranar da ya zagaye ita za ta riƙa ba shi umarni, gwiwar kuwa ba ta san kalanda ba. Shawarata gare ka da iyalanka ita ce a juya lissafin: a fara duba inda gwiwa ta kai, sannan a nemi gasar da ta dace da ita.

Ga wanda bai san wasan ba, tirayatalon wasanni uku ne a jere ba tare da hutu ba: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu. An fara shi a siffarsa ta yanzu a San Diego ta Amurka a 1974, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Sidini a shekarar 2000. Gajeren zango shi ne ninƙayar mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Zangon Olamfik ya ninka wannan: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Shi kuwa Ironman, wanda aka fara a Hawayi a 1978, ninƙayar kilomita 3.8 ne, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2.

Ka lura cewa gudu ne ke zuwa ƙarshe, bayan tsokar cinya ta riga ta gaji a kan keke. A kowane taku na gudu, ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. Mai yin taku 160 a minti ɗaya, idan ya shafe sa'a guda yana gudu, ya yi taku 9,600. Tsokar cinya ce ke tare wa gwiwa wannan duka. Idan ta gaji, ko ta rame saboda jinya, sai nauyin ya sauka kan gaɓar kanta.

Mataki na farko shi ne ka san sunan ciwonka, domin ciwon gwiwa iri-iri ne. Akwai ciwon da ke zagaye ƙoƙon gwiwa, mai tsananta wajen sauka daga bene ko bayan dogon zama. Akwai na gefen waje, mai tasowa bayan an ɗan yi nisa da gudu. Waɗannan galibi daga yawan atisaye ne, kuma sukan lafa da rage nauyin aiki da ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu. Sannan akwai yagewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa, da tsinkewar jijiyar tsakiya da likitoci ke kira ACL, waɗanda jinyarsu ta watanni ce. Idan gwiwa ta kumbura cikin 'yan sa'o'i bayan rauni, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana gocewa kamar za ta kayar da kai, ko ka kasa yin taku huɗu a kanta, to wannan aikin likitan ƙashi ne, a asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano ko makamancinsa a inda kake. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko guringuntsi, shi ya sa likita kan nemi hoton MRI. Kada iyali su yanke hukuncin cewa targaɗe ne su kai ka a ja ƙafar, domin ja da murɗa ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke, suna ma iya ƙara ɓarna.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da ɗan tirayatalon. Mai gudu zalla idan ya ji rauni yakan zauna, numfashinsa ya ragu, jikinsa ya tilasta masa komawa a hankali. Kai kuwa kana ci gaba da ninƙaya da keke, zuciyarka da huhunka suna nan da ƙarfinsu. Ranar da ka fita gudun farko za ka ji kamar za ka iya kilomita goma, kuma numfashinka ba ƙarya ya yi maka ba. Sai dai jijiya da guringuntsi ba su da wadatar jini irin ta tsoka, saboda haka warkewarsu tana da nawa. Ƙarfin ƙirjinka ya riga gwiwarka shiryawa da makonni, wani lokaci da watanni.

Wani bincike da aka yi tsakanin Delawa ta Amurka da Oslo ta Norwe, aka buga a 2016, ya bi diddigin 'yan wasan da aka yi wa tiyatar ACL. An gano cewa duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi, kuma waɗanda ƙarfin cinyoyinsu biyu ya yi kusan daidai sun fi tsira. Gaskiya ne binciken ya shafi wasannin tsalle da juyi ne irin su ƙwallon ƙafa, gudu kuwa miƙe yake. Amma darasin ya shafe ka: lokaci da ƙarfin cinya su ne ma'auni, jin cewa ka warke bai isa hujja ba.

To yaya za ka tsara shekarar? Ka tsara ta hawa-hawa, kada ka taka mataki sai na ƙasa ya tabbata. Matakin farko: kumburi ya sace, gwiwa ta miƙe sarai, ta lanƙwashe kamar ɗayar. Na biyu: tafiyar minti 30 da sauri ba ɗingishi, ba ciwo washegari. Na uku: ka iya durƙusawa da tsalle a kan ƙafa ɗaya, likitan fisiyo ya auna ƙarfin cinyar ya ga ya isa. Bayan tiyatar ACL ba kasafai ake ba da izinin gudu kafin wata uku ba, kuma kafin cikakkiyar gasa ana son ƙafar da ta ji rauni ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin mai lafiyar. Idan an ba ka izini, ka fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a fili mai laushi, kana tsallake rana. Ka auna ciwo daga 0 zuwa 10. Idan bai wuce 3 ba, kuma ya lafa cikin sa'a 24 ba tare da kumburi ba, ka ci gaba. Idan ya wuce, ka koma matakin baya na mako guda.

Sauran wasannin biyu ma suna da ladubbansu. A ruwa ka guji ninƙayar kwaɗo, domin shurinta yana murɗa gefen ciki na gwiwa. Kuma ka nemi wurin ninƙaya mai tsabta, saboda kududdufai da madatsun ruwa na ƙasashenmu suna ɗauke da tsargiya. A kan keke, sirdin da ya yi ƙasa yana matse ƙoƙon gwiwa. A ɗaga shi yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai. Ka zaɓi giya mai sauƙi ka yawaita juyi. A gudu kuma, gajarta taku da ƙara yawansa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 yana rage nauyin da ke sauka kan gwiwa.

Sai ranar da ka iya gudun minti 30 a jere, sau uku a mako, makonni biyu ko uku ba tare da gwiwa ta yi ƙorafi ba, sannan ka buɗe kalanda. Daga wannan rana ka ƙirga kamar makonni 10 zuwa 12 gaba, ka nemi gasar gajeren zango. Dogon zango ya jira baɗi.

Na san abin da za ka ce: in babu ranar da mutum ya sa a gaba, gwiwarsa takan yi sanyi, ya watsar da atisayen gaba ɗaya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma zaman dirshan ma cuta ne, domin cinya tana ramewa cikin 'yan makonni idan ba ta aiki. Amma akwai burin da ba zai ci amanar gwiwa ba. Gasanni da yawa suna da rukunin ninƙaya da keke kawai, ba gudu. Akwai kuma na karɓa-karɓa, inda mutum uku ke raba wasannin; ka ɗauki ruwa ko keke, ka bar wa abokinka gudu. Ka ga ka shiga fili, ka sha iskar gasa, ba ka yi caca da ƙafarka ba. Idan kuwa ka riga ka biya rajista, ka tambayi masu shirya gasar ko za a ɗage maka ko a sauya maka rukuni. In ma ba su yarda ba, asarar kuɗin rajista ba ta kama ƙafar kuɗin tiyata ta biyu ba.

Kada kuma ka rufe bakin ciwo da magani don ka samu ka yi gudu. Shan ibuprofen ko diclofenac kafin dogon atisaye, musamman a zafin bazara ko lokacin azumi da jiki ke ƙarancin ruwa, yana iya taɓa ƙoda da ciki. Tramadol kuwa, ban da haɗarin kamu da shi, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024.

Ku kuma iyali, uwargida, iyaye da 'yan'uwa, akwai naku aikin. Kada ku ce masa ya bar wasan yara ya zauna, domin motsa jiki yana cikin maganinsa. Kada kuma ku zuga shi da cewa wane ya warke cikin wata biyu. Ku tuna masa ranar ganin likitan fisiyo, ku lura da ɗingishin da yake ɓoyewa. Idan bayan tiyata sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, ko numfashinsa ya sarƙe, ko gwiwar ta yi zafi tare da zazzaɓi, ku garzaya da shi asibiti a ranar.

Gwiwar da ta taɓa samun babban rauni ta fi saurin kamuwa da amosanin gaɓɓai a gaba, rauni na biyu kuma yana ƙara wannan haɗari. Da wannan gwiwa za ka hau bene, ka durƙusa, ka ɗauki jikoki shekaru talatin masu zuwa. Gasa kuwa ana yin ta kowace shekara. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar da kai fili da ƙafafunka biyu.