Naɗar Hoton Wasa da Dogaran Hana Maguɗi: Ina Mafita?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin samarinmu, tun daga ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau har zuwa majalisun hira na Tsafe da Bunguɗu. Ga ta kuwa: shin mutum zai iya naɗar hoton wasan da yake bugawa a waya ko kwamfuta, ba tare da kamfanin wasan ya ɗauke shi mai maguɗi ya rufe masa akawun ba? Wani dattijo in ya ji wannan sai ya yi tsaki, ya ce ƙasa tana fama da abin da ya dame ta, yara kuwa suna ta kan wasa. Mu a wannan mujalla muna ganin tambayar ta cancanci amsa, domin a cikinta akwai kuɗi, akwai kuma sirrin mutum da ke ajiye a cikin na'urarsa.

Tun da wasannin wayar hannu irin su Free Fire, da PUBG Mobile wanda ya fito a 2018, da Call of Duty Mobile na 2019 suka shigo ƙasarmu, wasa ya tashi daga abin kashe lokaci ya zama abin da ake zuba masa jari. Saurayi zai shafe watanni yana hawa matsayi, ya ƙone data, wani lokaci har ya sa kuɗin aljihunsa ya sayi tufa ko makami a cikin wasan. Naɗar hoton kuwa tana da dalilanta. Wani yana so ya sa a TikTok ko YouTube ko Facebook, ko ya samu mabiya. Wani yana so ya sake kallo ya ga inda ya yi sake. Wani kuma, in an shirya gasa tsakanin unguwa da unguwa, hoton shi ne shaidarsa ranar da gardama ta tashi.

Su ma kamfanonin suna da hujjarsu. Akwai marasa gaskiya da kan cusa wa wasa wata manhaja wadda za ta nuna musu abokin gaba ta bayan bango, ko ta saita musu bindiga ba tare da sun wahala ba. In aka ƙyale irin waɗannan, masu gaskiya za su watse, kasuwa ta mutu. Saboda haka kowane babban kamfani ya kafa wa wasansa manhajar tsaro, wadda za mu kira dogari a nan. Kamfanin Valve yana da VAC tun 2002, kamfanin Riot ya fito da Vanguard tare da wasan Valorant a 2020, Activision kuma ya kawo Ricochet a 2021, ga BattlEye da Easy Anti-Cheat waɗanda wasanni da dama ke haya. Hukuncinsu ba na wasa ba ne, don PUBG Mobile yakan rufe akawun har na shekara 10. Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar JAMB tun da ta koma ta kwamfuta zalla a 2015, aka duba zanen yatsarsa, aka kafa masa kyamara a ka, ya san dalilin kafa dogari. Ya kuma san dogari ba ya duba zuciya, abin da ya gani a hannunka da shi yake aiki.

To, ina aka haɗu? Sai mai karatu ya lura da cewa hanyoyin naɗar hoto iri 3 ne. Ta farko ita ce wadda na'urar da kanta take ɗaukar duk abin da ke kan allo, watau kamar mai hoto da ya tsaya a bakin fili bai shiga ba. Wayoyin iPhone sun zo da wannan tun 2017, Android kuma ta sa ta a jikinta a 2020, ko da yake wasu masu ƙera waya sun riga ta, sannan Windows 10 da 11 suna da tasu. Ta biyu ita ce wadda manhajar naɗi take cusa wani ɗan guntun umarni a cikin jikin wasan yayin da yake tafiya, ta riƙa karɓar hoton tun kafin ya iso allo. Wannan ta fi sauƙi ga kwamfuta, hotonta kuma ya fi kyau, shi ya sa manhajoji irin su OBS Studio suke ba da ita. Ta uku ita ce a jona wata na'ura dabam tsakanin kwamfuta da allo, ta ɗauki hoton ta waya, amma wannan sai mai hali.

Matsalar tana ga hanya ta biyu, domin ƙofar da take bi, ita ce dai ƙofar da ɓarawo yake bi. Dogari ya ga baƙo ya tsallako katanga. Ta yaya zai san mai hoto ne ko mai ƙwace? Dabarar da aka yi ita ce sanannun manhajoji suna ɗauke da hatimin masu su, dogarawa da yawa kuma sun san hatimin, sai su ba su hanya. Amma ba kowane kamfani ya yarda da haka ba. Lokacin da wasan Destiny 2 ya fito a kwamfuta cikin 2017, kamfanin Bungie ya toshe irin wannan naɗi gaba ɗaya. Haka Valve ya yi wa Counter-Strike a watan Yuli na 2020, sai masu OBS suka ga baƙin allo, dole suka koma ɗaukar hoto ta waje. A waɗannan wurare biyu abin da aka yi shi ne hana manhajar shiga, ba a ce duk mai ita ɓarawo ne ba.

Amma fa akwai ranar da takobin dogari ya sari mai gaskiya. A watan Oktoba na 2023 kamfanin AMD, mai ƙera sassan kwamfuta, ya fitar da wani sabon tsari na rage jinkirin hoto, wanda ya riƙa taɓa cikin wasan Counter-Strike 2. Nan da nan dogarin Valve ya shiga rufe akawun ɗin mutanen da ba su ci ba, ba su sha ba. Sai da AMD ya janye tsarin, sannan Valve ya buɗe wa waɗanda abin ya shafa. Wannan tsari ba na naɗi ba ne, amma darasinsa ɗaya ne: in har babban kamfani irin AMD zai jawo wa mutane wannan tsautsayi, ina ga manhajar da ba a san ubanta ba?

Saboda haka ga amsarmu a fili. Naɗar hoton wasa ba maguɗi ba ce, kuma wanda ya yi ta da abin da ya zo a jikin wayarsa ko kwamfutarsa, ko da sananniyar manhaja wadda ya ɗauko daga ainihin masu ita, yana cikin aminci gwargwadon hali. Mafi yawan abin da zai same shi shi ne naɗin ya ƙi yi. Inda muke jin tsoro shi ne halinmu na son banza. Sau da yawa ɗalibi ba ya da datar da zai sauko da manhaja daga tushenta, sai ya karɓa ta Xender daga wayar aboki, ko ya je wurin masu tura fina-finai a kasuwa a zuba masa. Wata an fasa ta don kada a biya kuɗi, wata an ce tana naɗi kuma tana ƙara wa wasa gudu. Irin waɗannan an riga an karya hatiminsu, ba wanda ya san abin da aka ɗura a ciki, dogari kuma ba shi da dalilin yarda da su. Haka nan wayar da aka fasa tsaronta don a mallaki cikinta, ita kanta abin zargi ce a idon wasanni da yawa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, lalle kuwa a nan maganarsu ta tabbata.

Daɗin daɗawa, manhajar naɗi ba wasa kaɗai take gani ba. Duk abin da ya bayyana a kan allo nata ne. In saƙon banki ya faɗo da lambar sirri kana tsakiyar wasa, ya shiga hoton. In ka rubuta kalmar shiga akawun kafin ka tsayar da naɗi, wani lokaci ita ma ta shiga. Mai gaggawa sai ya ɗora hoton a intanet bai duba ba, ya tallata asirinsa da hannunsa. In kuwa manhajar ta mugu ce, ai ba ta ma jiran ka ɗora, da kanta za ta aika.

Yanzu kuma bari mu juya ga dogarin shi kansa, don adalci bai ce a binciki baƙo a ƙyale mai gadi ba. Da yawa daga cikin dogaran kwamfuta na zamani suna zaune ne a ƙuryar tsarin na'urar, inda ba abin da ke ɓoye musu, Vanguard kuwa ya yi suna wajen tashi tun lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin a buɗe wasa. Wannan iko ne mai girma, an kuma taɓa cin amanarsa. A 2013 aka gano cewa manhajar hana maguɗi ta wani kamfanin shirya gasa a Amurka mai suna ESEA tana amfani da kwamfutocin mutane a ɓoye wajen haƙar kuɗin bitkoyin, har hukumomin jihar New Jersey suka kai ƙara, aka yi sulhu a kan dala miliyan 1. A 2022 masana tsaro na Trend Micro suka nuna yadda masu garkuwa da bayanan kwamfuta don neman kuɗin fansa suka yi amfani da dogarin wasan Genshin Impact suka kashe manhajar kashe ƙwayar cuta. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuma, kuskure ɗaya a manhajar tsaro ta CrowdStrike, wadda ba ta wasa ba ce amma a wannan ƙuryar take zaune, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa lissafin Microsoft, jiragen sama da asibitoci suka tsaya cik. Wanda ya ba dogari mabuɗin ƙuryarsa, ya kamata ya san abin da ya bayar.

Wannan magana ta fi shafar mu fiye da yaran Turai. Su ɗayansu yakan mallaki na'urar wasa dabam, ta karatu dabam. Mu kuwa kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da kundin bincikenmu na shekarar ƙarshe, da hotunan gida, da wasan, wani lokaci ma ta aro ce. A shagon wasa kuma hannu goma ke taɓa na'ura ɗaya, wasu kamfanoni kuwa ba akawun kaɗai suke rufewa ba, har na'urar suke yi wa shaida. Ke nan yaro ɗaya mai maguɗi yana iya jawo wa mai shago da duk abokan cinikinsa asara. Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata kuma, waɗanda aka damƙa wa kwamfutar ofis, muna cewa wannan amana ce. Takardun albashi da bayanan jama'a ba wurin ajiye dogarin wani kamfanin ƙetare ba ne, balle manhajar naɗi da aka tsinto a hanya.

Mu mutanen Zamfara mun riga mun ɗanɗana wani darasi. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar nan saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni waya ba ta shiga, kowa ya gane cewa abin da yake taƙama da shi a intanet ba a hannunsa yake ba. Haka akawun ɗin wasa yake. Yana ajiye ne a na'urorin kamfani a wata ƙasa, in an rufe shi ba alƙalin da za ka kai wa ƙara a Gusau, sai dai ka rubuta koke da Turanci ka zauna jiran amsa. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, abin a yaba ne, amma kafin hannunta ya kai ga wani kamfani da ke Sin ko Amurka a kan kukan ɗalibi ɗaya daga Kwatarkwashi, da sauran tafiya. Rigakafi dai ya fi magani.

Don haka muna ba 'yan'uwa shawara kamar haka. A fara da abin naɗin da ya zo a jikin na'ura. In ana bukatar wata manhaja, a ɗauko ta daga tushenta, a kuma sabunta ta a kan kari. A karanta ƙa'idar kowane wasa, domin abin da wannan ya halatta wancan yana iya hanawa. In wasa ya ƙi a naɗe shi ta ciki, a koma ɗauka ta waje, kada a nemi wata dabarar da za ta rufe wa dogari ido, don daga nan mai hoto ya zama ɗaya da ɓarawo. A kashe sanarwar saƙonni kafin a fara naɗi, a kalli hoton kafin a watsa. Kundin bincike kuwa a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ɗaliban sashen kimiyyar kwamfuta su shirya bita a kan wannan da harshen Hausa, su gayyato masu shagunan wasa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tun da yake su ne ke riƙe da ƙannenmu.

Daga ƙarshe, kada mu manta da tushen al'amarin. Ba don maguɗi ba, da ba a kafa dogari ba, da mai gaskiya bai rayu cikin zargi ba. Saurayin da ya saba sayen nasara a fagen wasa, ba wuya ya nemi sayenta a ɗakin jarrabawa, gobe kuma a bakin teburin ofis. Duk wanda ya san abokinsa na yin haka, ya gaya masa gaskiya, ya kuma ƙi bugawa tare da shi. Masu shirya gasa su sa naɗar hoto ta zama sharaɗi, su faɗi manhajar da aka yarda da ita tun kafin a fara, domin wanda ya ci ya ci da haƙƙinsa, wanda aka kayar kuma ya koma ya ƙara shiri.