Na koma harbi, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba

Tun shekaranjiya da na ɗora hotona riƙe da bindigar gasa wayata ba ta huta ba. Wani ya rubuta, "Malam, daji za a shiga ne?" Wani kuma, da nake ganin girmansa, ya biyo ni ta saƙo yana cewa in ji tsoron Allah in sauke hoton, a wannan zamani na 'yan bindiga ba ya kamata mai iyali kamata ya nuna kansa da makami. Na gode da nasiha, Yallaɓai. Amma hoto yana nan, kuma ga dalili.

Shekara 13 rabona da filin harbi. Na ajiye a 2011, lokacin da aure da aiki suka haɗu suka danne ni. Da na koma sai na tarar har lissafin maki ya canja. A da idan ka ci duka harbi 60, maki 600 ne. Yanzu ana ƙirga har gutsuren maki, mafi kyawun harbi 10.9 ne, jimilla 654. Jaket ɗina ya ƙi rufuwa (tuwon Hajiya ya yi aikinsa), idon dama yana neman tabarau, bayan harbi 20 ƙuguna ya fara kuka. Yaron da ke gefena, wanda na haifi kamarsa, ya ba ni ratar da kunya ba za ta bari in faɗa ba.

Bari in gaya muku abin da kuke kira makami. Bindigar iska ce, ba ta da albarushi. Ɗan harsashinta na dalma ne, faɗinsa milimita 4.5, bai kai ƙwayar wake ba. Kana tsaye a nisan mita 10, kana neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, kamar ɗigon da ke ƙarshen wannan jimla. Harbi 60 cikin minti 75, da bindiga mai nauyin kusan kilo 5 a kafaɗa. Bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya kautar da saiti. Sai ka sauke numfashi, ka jira jikinka ya lafa, sannan ka lallaɓa kunama kamar mai tsoron tashin jariri. Mai zafin rai ba ya minti goma a wurin nan. Duk wanda ya shigo da fushin gida, takardar saiti za ta tona shi.

To, fisabilillahi, ina haɗin wannan da ɓarayin daji?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne fuska biyu irin tamu. Ran hawan Sallah 'yan bindigar sarki suna sakin adaka, hayaƙi ya turnuƙe, mu yi ta shewa muna ɗauka a waya. A 2022 gwamnatin Zamfara da bakinta ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu, da yawa cikinku kun yi tafi. Bindigogin yaƙi suna yawo a dazuzzukanmu ba mai tambayar takardarsu. Amma ni da na je wani ofis neman izinin shigo da gwangwani biyu na harsashin dalma, sau huɗu ina sintiri, a na ƙarshe jami'in ya dube ni sama da ƙasa ya ce in kawo shaidar cewa wannan abu wasa ne. Wasan da ake yi a Olamfik tun 1896!

Kun tuna Baturken nan Yusuf Dikeç, da ya tsaya hannu a aljihu a gasar Faris ta 2024 ya ci azurfa yana da shekara 51? Ku ɗin nan kun yaɗa hotonsa, har da masu kwaikwayon tsayuwarsa. A wannan gasar Najeriya ta dawo ko tagulla ɗaya babu. Indiya kuwa, zinarenta na farko na mutum ɗaya a tarihin Olamfik a wannan bindigar iska ta mita 10 ta same shi, hannun Abhinav Bindra a 2008. Mu da ke da maharba a kowane ƙauye, mutanen da ke sauke zabo yana cikin tashi, ba mu taɓa tunanin mu kai ɗan maharbi ko ɗaya gaban takardar saiti ba. Mun bar shi ga wanda zai ba shi babur da bindiga ya kai shi daji.

Masu cewa na tsufa kuma, ku nemi labarin Oscar Swahn na Suwidin, wanda ya ci azurfa a 1920 yana da shekara 72. Ni 44 gare ni.

Ran Asabar ƙarfe takwas ina fili in sha Allahu. 'Yata ta biyu ta ce za ta bi ni, na kuma amince. Wanda ke son gani da idonsa ya yi min magana, zan ara masa bindigar ya gwada harbi biyar, amma kuɗin harsashi nasa ne.